Man da Ya Ƙi Hawa Sama

Injin ya tashi ba gardama, har na fara yabon kaina. Ban gama yabon ba na ji ƙara daga sama, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana kaɗa cokula a cikin kwano. Na kashe da sauri, na kwance murfin kan injin na leƙa. Rokoki, waɗannan 'yan ƙarafan da ke sunkuyawa suna ɗagowa suna danna bawul, a bushe suke ƙamas, ban da ɗan man da na shafa musu da yatsa lokacin ɗauri. Fitilar mai ta gaban direba ta mutu, ke nan famfon mai yana turawa, ƙasan injin yana sha. Sama ce ba ta ga ko ɗigo ba.

Na ɗago kai zan ce, ka ji wani iskanci kuma? Sai na tuna babu kowa a ɗaya gefen motar.

Motar ta Yayana ce, garejin kuma namu ne mu biyu tun ina da gashi a ka. Garejin Bahago mutane suke cewa, saboda da hagu Yaya yake komai. Ni ko sunana ba a sakawa. Da in ce ban damu ba, amma ƙarya ne, na damu, sabawa dai na yi. Aikinmu a rabe yake tun farko ba tare da mun zauna mun raba ba: ni ne mai ƙasa, fistin da ringi da duk abin da sai an kwanta a ƙasa an sha baƙin mai a ido, shi kuma mai sama, bawul da roka da kan inji. Ni ina tsayawa ta gefen ƙofa, shi yana tsayawa ta gefen bango a kan wani guntun katako, don Allah bai ba shi tsawo ba. Ba mu cika magana ba sai in faɗa ya taso, faɗan kuma kullum a kan rediyo ne. A gida ma haka. Matarsa ta rasu, tawa ta bi ta, ni ban samu haihuwa ba, shi 'ya ɗaya gare shi. Ɗakinsa yana kallon nawa, tsakaninmu famfo da igiyar shanya.

Motar ta tsufa, tana shan mai tana hayaƙi kamar ana ƙona shara. Yaya ya sauke injin, muka wargaza shi, ya wanke kayan sama tas ya jera. A safiyar da za mu fara ɗauri na same shi a yashe a bakin famfo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Allah ya bar masa hagunsa da idanunsa, hankalinsa kuma garau.

'Yarsa, wadda muke kira Malama saboda koyarwa take yi, ta ɗauki hutu ta zo daga garin da take aure, tafiyar wuni guda. Kusa da gidanta akwai asibitin da ake motsa wa masu irin wannan ciwo gaɓoɓi ana koya musu magana. Likita ya gaya mata watannin farko su ne na kamawa, in suka wuce hannun ya sandare, sai dai haƙuri. Ta ɗauko motar haya har ƙofar gida. Yaya ya damƙe ƙarfen gado da hagunsa, hannun da ya ƙare rayuwarsa yana murɗa noti, ni da ita muka yi muka yi muka kasa ɓamɓare shi. Da kansa ya saki, ya nuna makullin motarsa a jikin ƙusa, ya kaɗa hannu kamar mai juya sitiyari. Na tambaye shi ko nufinsa sai a motarsa zai tafi, ya gyaɗa kai. Na ce to in ta tashi za ka tafi ba gardama? Ya sake gyaɗawa. Malama ta sallami direba tana share hawaye, ni kuwa na bugi ƙirji na ce ta ba ni 'yan kwanaki kawai.

To, ga 'yan kwanakin nan sun ƙare, ga inji ya tashi, ga sama a bushe. Inji kuwa in sama ba ta shan mai, ko unguwa ba za ka fita da shi ba zai cinye kansa.

Filta na fara zargi, don jabu sun yi yawa a kasuwa. Na sa wata, na tayar, ƙas-ƙas ɗin tana nan. Na kwanta na sauke kwanon mai na ƙasa, na ciro famfon na buɗe shi, lafiyarsa ƙalau, ragarsa fes. Na mayar, na zuba mai, na tayar. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Mai walda na maƙwabtanmu ya leƙo yana goge hannu, ya ce shi dai ba makaniki ba ne, amma ya taɓa jin an ce in aka kifa gasket, shimfiɗar nan ta ƙarƙashin kan inji, ta baibai tana rufe hanyar mai. Na ce masa tunda ya san shi ba makaniki ba ne, ya je ya ji da ƙyamarensa. Da ya tafi na jawo ƙofa, na kwance kan injin gaba ɗaya don in duba. Gasket ɗin daidai take, ƙofar mai tana kan ƙofar mai. Na lalata sabuwar gasket a banza saboda maganar mai walda, kuma ba ni da bakin zaginsa tunda ni na kore shi. Da yake na riga na buɗe, na zura waya a hanyar man daga ƙasa har sama, na hura iska, na duba ko gam ya shiga ya daskare. Babu komai, hanya a buɗe take.

Kwanakin nan garejin ya yi mini girma. Mutum zai tsaya da motarsa a bakin titi ya leƙo ya ce ina Bahago? In na gaya masa, sai ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ja motarsa ya yi gaba, ni kuma ina tsaye da sifana a hannu kamar mai gadi. Rediyon da muka yi shekaru muna faɗa a kanta ta zama tawa ni kaɗai, ban ko kunna ta ba. Mai kawo mana abincin rana ta ci gaba da kawo kwano biyu, na kasa ce mata ta daina. Nakan ci nawa, in rufe ɗayan in ajiye a kan benci har ya huce. Wallahi ban san shirun Yaya yana cika wuri ba sai da ya zama shirun babu kowa.

Da yamma in na koma gida nakan yi wanka in shiga ɗakinsa in zauna a bakin gado. Ɗakin yana warin man zafi, fanka tana juyawa a hankali, Malama tana gefe tana duba takardun ɗalibai da aka aiko mata. Sai in kwashe labarin aikin ranar in ba shi dalla-dalla, abin da na kwance, abin da na gani, abin da na mayar. Yana saurare da idanunsa a kaina. Da na ba shi labarin mai walda da gasket, ɓarin bakinsa mai lafiya ya motsa, na san dariya yake mini. Malama kuwa ba ta ga abin dariya ba. Ta biyo ni tsakar gida ta ce hutunta ya kusa ƙarewa, yatsun babanta sun fara lanƙwashewa, ko za a kira wani makaniki ya taimaka? Ta faɗa cikin ladabi, har da rusunawa, amma da marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce mata ba a taɓa kiran wani ya taɓa mota a garejinmu ba, kuma ba a kaina za a fara ba.

Washegari na yi abin da ya kamata in fara yi tun farko. Rokokin duk a jikin sanda ɗaya suke, sandar kuma ramin ciki gare ta, ta cikinta mai yake bi ya rarraba musu. Notuna ne dogaye suke danne ta a kan injin. Na kwance su, na ɗauke sandar gaba ɗaya, na murɗa makulli. Sai ga mai yana ɓulɓulowa daga wani ɗan rami a gaban injin, ta wajen fanka. To fa! Ashe man yana hawowa har bakin ƙofa, shiga ne ba ya yi. Na ce yau haƙata ta cim ma ruwa, sandar ce ta toshe. Na jiƙa ta a fetur, na wanke, na hura, iska tana fita ta kowane rami. Na mayar na ɗaure na tayar. A bushe.

Na sake kwancewa, na juya ta, na duba ko na kifa ta, na sake ɗaurewa. A bushe. Na jefar da sifana ta daki bango, sannan na je na ɗauko abata, don babu mai miƙo mini.

Notunan nan ban taɓa zarginsu ba, kuma ina da dalili. Yaya ba ya zuba noti a gwangwani kamar sauran makanikai. Kwali yake samu ya huda shi a jere, kowane noti ya soke shi a raminsa yadda ya fito daga inji, sannan ya rataye kwalin a ƙusa. A wurina kwalin Yaya ba ya kuskure. Na sauko da shi yadda yake a rataye, na ɗauki na hagu na sa a hagu, na dama na sa a dama. Duk kwancewar da nake yi, kowane ina mayar da shi raminsa, don kada in ɓata masa jeri.

Da yammar ranar na gaya masa. Na ce Yaya, mai yana zuwa har ramin, sanda a wanke take, amma in na ɗaure ba ya shiga. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya lumshe ido ya juya fuska bango. Malama ta ce in bar shi, ya gaji. Na fito na zauna a ƙofar ɗakina ina kallon igiyar shanya, ina jin kaina tsohon banza.

Ruwan sama ne ya raba gardamar. Washegari da hantsi aka kece da shi, ni kuma na sake kwance sandar, kwali yana hannuna cike da notuna. Kwanon rufinmu yana yoyo daidai inda nake tsayawa, mun daɗe muna cewa za mu gyara. Ruwa yana ɗiga a ƙeyata yana neman faɗawa cikin buɗaɗɗen inji. Na rufe wajen da buhu, dole ta sa na zagaya ta gefen bango. Tun ranar da ya faɗi ban taka wurin ba. Ko tsintsiya ban kai ba, katakonsa yana nan yadda ya bar shi.

Na ture katakon a hankali na tsaya. Daga nan garejin daban yake. Ana ganin ƙofa, ana ganin titi da mutane suna gudun ruwa, ana ganin wurina babu kowa. Ashe abin da yake kallo ke nan shekara da shekaru, ƙofa da titi da sanƙon kaina.

Na zaro notin farko na hagun kwali, na miƙa hannu zan sa shi a ramin farko na haguna, sai hannuna ya tsaya. Fanka tana haguna. A wurina na kullum fanka a dama take. Wannan notin da nake riƙe da shi, can bayan inji nake ta saka shi duk kwanakin nan, yanzu kuma ga shi yana neman shiga gaba, daidai kan ramin mai. Na goge shi da rigata, na mirgina shi a tsakanin yatsu. Ƙugunsa siriri ne. Ba sosai ba, ido ba zai kama ba, balle idon da ya fara neman tabarau, amma yatsa ya ji. Na taɓa sauran, duk masu kauri ne sambal.

Ta gefen siririn ƙugun nan mai yake bi ya shiga sanda. Ni kuma na kai shi baya inda babu mai, na kawo mai kauri na danna a ramin, na toshe shi da hannuna, na kuma ɗaure tamau.

Kwalin bai yi kuskure ba. Daga inda Yaya yake tsayawa aka jera shi, hagunsa ne hagun kwali. Kuma sai a lokacin na lura ban taɓa zare noti daga kwalinsa da hannuna ba. In ana ɗaurin sama shi yake sakawa, ni in biyo da sifana in ƙara ƙarfi. Ina tsammanin na san aikin sama, ashe ƙarshensa kawai na sani.

Ina tsaye ina dariyar wautata, sai dariyar ta maƙale. Yaya ya san notin nan kamar yunwar cikinsa. Na gaya masa mai yana zuwa rami ba ya shiga sanda, wannan ko a barci aka tashe shi zai ba da amsa. Hagunsa lafiya lau, hannun da ya nuna makulli ya juya sitiyari a iska. Yatsa biyu zai haɗa ya nuna mini siriri, shi ke nan. Bai gaji ba ranar. Juya mini baya ya yi da gangan, don ya san ranar da mai ya hau, ranar zai bar gidan.

Na zauna a kan katakonsa, ruwa yana dukan kwano, notin yana tafina. Na daɗe a haka. Na yi fushi da shi, tsoho da wayon yara, ya bar ni ina kwance inji ina ɗaurewa kamar mahaukaci. Sannan fushin ya wuce, tausayi ya zo, nasa da nawa. Har na yi tunanin in mayar da notin baya inda yake, babu wanda ya gani. Amma hannuna bai yarda ba. Makaniki in ya ga ciwon mota ba ya iya kau da kai.

Na sa kowane a wurinsa, na ɗaure, na bar murfin a buɗe, na tayar. Ƙas-ƙas ɗin ta fara kamar kullum. Na ƙura wa roka ta farko ido. Can sai gefenta ya yi duhu, ya yi sheƙi, mai ya tsattsafo. Ta biyu ta jiƙe, ta uku, har ta ƙarshe can baya. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace, injin ya koma wani lallausan gunji da na daɗe ban ji irinsa ba. Na sunkuya a kansa ina kallo kamar ban taɓa ganin mai ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗin da bai kai minti ba ya juye ya zama wani abu mai nauyi a ƙirji. Na kashe, na rufe murfi, na rufe gareji tun rana ba ta faɗi ba.

Doguwar hanya na bi zuwa gida. Kafin in kai na gama shawara da zuciyata. Na ce 'yan kwanaki kaɗan ba za su kashe kowa ba. Shi ya yi mini shiru, ni ma zan yi masa, mu ci gaba a haka, shi a gadonsa ni a bakin gadon. Saboda kaina ya cika da wannan lissafi, ban tsaya wanka ba, na shiga ɗakinsa kai tsaye.

Malama ta ɗago ta dube ni. Na zauna a bakin gado na ce, "Yau ma bai hau ba, Yaya."

Ta sauke numfashi ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ba fuskata yake kallo ba, ƙirjina yake kallo. Na duba. Gaban rigata duk feshin mai ne, ƙanana-ƙanana a jere, sabon mai garai-garai, irin feshin da ba abin da ke yin sa sai roka tana aiki a jiƙe murfi a buɗe. Ya miƙo hagunsa ya kamo rigar, ya jawo ni kusa, ya murza wurin a tsakanin yatsunsa. Ya ɗago ido ya dube ni, na dube shi. Na san ya sani, ya san na gano shi.

Yaya zai iya yin shiru har duniya ta naɗe, amma bai taɓa yarda a ce wa mai mota motarsa ba ta gyaru ba alhali ta gyaru. Ya saki rigar, ya ɗan bubbuga ƙirjina da bayan hannu. Idonsa ya cika, ƙwalla ta gangaro ta ɓarin da ba ya ji, bai ma san ta zubo ba. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna akwatinsa a saman kabad.

Malama ta dube shi, ta dube ni. "Baffa, me yake nufi?"

Na juyo na amsa mata.

"Cewa yake motar ta tashi. Sauko da akwatin, ki haɗa masa kayansa."

Ta miƙe da sauri tana hamdala, ta jawo kujera ta taka. Ni na riƙe mata kujerar don kada ta faɗi.